Hattara da Injin Yankan Ƙarfe

Maigidan rumfar walda, da kai yaron da ke koyon sana'a a hannunsa, wannan bayani naku ne. A ɗakin shan maganin da nake aiki, raunukan da suka fi tayar mana da hankali daga wurin masu walda na ɗan injin nan ne na hannu da ake yanka ƙarfe da goge shi.

Ka fara sanin ƙarfin abin da ke hannunka. Ƙaramin injin mai faifai milimita 115, wanda a kasuwannin Najeriya ake kira inci 4 da rabi, yana juyawa kimanin sau 11,000 a minti ɗaya, gudun bakin faifansa kuwa ya haura kilomita 200 a awa. Babban, mai milimita 230 ko inci 9, yana juyawa kimanin sau 6,500 ne kawai. Kowane faifai an rubuta a jikinsa iyakar juyin da zai iya jurewa. To, idan ka ɗora faifan babban inji a kan ƙarami don neman sauƙin kuɗi, ka tilasta masa gudun da ba a yi shi dominsa ba, kuma ba zai shiga ba sai ka kwance murfin kariya. Ranar da ya tarwatse, gutsattsarinsa fuska da wuya da cinya suke nufa, babu abin da zai tare su. Na san ana cewa murfin yana hana ganin aiki. Juya shi ake yi ta yadda zai tsaya tsakaninka da faifan, ba a cire shi. Haka ma mariƙin gefe: ka bar shi a ɗaure, ka riƙe injin da hannu biyu, domin idan faifai ya cije a cikin ƙarfe fizga yake yi.

Kafin ka ɗaura faifai, ka zare wayar injin daga wuta, sannan ka duba shi. Wanda ya tsage, ko ya faɗi ƙasa, ko ya sha damshin damina, a jefar da shi. Da yawa suna da kwanan watan ƙarewar amfani a zoben ƙarfen da ke tsakiya, gama ƙaron da ya haɗa su yana raunana da daɗewa. Siririn faifai na yanka ne, ba a guga da gefensa. Zarton katako kuwa kada ya hau wannan inji ko kusa. Bayan ka ɗaure, ka kunna shi na minti guda babu aiki, kana kawar da shi daga jikinka da na mutane.

Akwai wani haɗari da ya zama ruwan dare daga Katsina har Maraɗi: a ɗauke wuta ana cikin aiki, a ajiye inji a kunne, a kawo wuta ya zabura a ƙasa cikin ƙafafun yara. Da zarar wuta ta ɗauke, ka kashe makunnin. Wayar da ta ɓare a sake ta, a daina cusa tsiraicin waya cikin soket ana danne ta da ashana. Ka riƙa hure ƙurar ƙarfe daga ramukan iskar injin, idan kuma ka ji ƙauri a kai shi wurin mai gyara. Babbar riga da rawani da hannun riga mai faɗi a ajiye su har a tashi aiki. Tartsatsi yana nisa, don haka a nisanta jarkokin fetur, kuma kada a yanka duro ko tankin da ya taɓa ɗaukar mai.

Ido shi ne abin da muka fi gani. Baƙin tabarau na ado ba ya tare gefe. Ka nemi na kariya mai rufe ido duka, ka saya wa yaranka ma. Idan ɓurɓushin ƙarfe ya faɗa, kada a murza, kada a sa tsinke ko harshe ko ruwan nono. A wanke da ruwa mai tsabta, in bai fita ba a rufe idon ba tare da dannawa ba, a zo asibiti a ranar, domin cikin 'yan awoyi ƙarfen ke fara tsatsa a kan ƙwayar ido, tabonsa kuma yana iya rage gani har abada.

Idan yanka ne, a danne wurin da ƙyalle mai tsabta, a ɗaga hannun sama, kada a zuba baƙin mai ko fetur ko toka. Yatsan da ya guntule a naɗe shi da ƙyalle mai ɗan damshi, a sa a leda a ƙulle, a ɗora ledar cikin ruwan ƙanƙara, a taho da shi tare da mai rauni. In kun iso, ku gaya wa ma'aikacin lafiya yaushe rabonsa da allurar rigakafin ciwon sarƙewar haƙora.