Agogon da ke Cikin Gansakukar Teku

Ɗalibin da ya saba ganin gansakuka a bakin kududdufi ko a jikin randa zai yi mamakin jin cewa danginta na teku, waɗanda akasarinsu ba sa ganuwa sai da madubin ƙara girma, su ke yin kusan rabin aikin haɗa abinci da hasken rana a duniya baki ɗaya. Wannan aiki shi masana ke kira fotosintesis. Da shi kifin teku ya dogara, kuma daga gare shi iskar oksijin ke fitowa.

Sai dai hasken cikin teku ba shi da tabbas. Jan haske yakan ƙare tun daga sama-sama, shuɗi ne ke ratsawa ƙasa, kuma bayan kimanin mita 200 abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Ga shi ruwa na iya ɗauko ƙwayar gansakuka daga duhu ya kai ta sama da rana tsaka, alhali haske in ya yi yawa lahani yake yi. Saboda haka nau'in da ake kira dayatom, da zarar rana ta ƙwalle, cikin 'yan mintoci yakan sauya wani sinadarin launi a jikinsa, rarar hasken ta fice a matsayin zafi. In kuwa ya daɗe inda haske ya yi ƙaranci, sai ya ƙara yawan kilorofil.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, gansakukar ba ta jiran gari ya waye kafin ta shirya. Akwai wata mai suna Acetabularia, mai siffar 'yar laima, da ake samu a teku mai ɗumi kamar Bahar Rum. Ƙwayar halitta ɗaya ce tal, amma tsawonta yakan kai santimita da yawa. In aka ajiye ta ƙarƙashin fitilar da ba a kashewa, oksijin ɗin da take fitarwa yakan ƙaru a sa'o'in rana, ya ragu a sa'o'in dare, kwana da kwanaki. A wani binciken da aka wallafa a 1961, Beatrice Sweeney da Francis Haxo sun yanke gindinta, inda cibiyar ƙwayar take. Duk da haka hawa da saukar bai tsaya ba. Ashe agogon na iya tafiya ko babu cibiya, wadda a aji muke koyar da cewa ita ke ba da umarni.

Mai auna abincin da teku ke samarwa dole ya kula da wannan. Ruwa guda, ƙarƙashin fitila guda, awonsa na hantsi yakan ɗara na yamma, don haka duk kiyasin da bai faɗi sa'ar da aka yi awo ba yana iya ɓatar da mai karanta shi.