Idan Likita Ya Ce "Ku Kai Shi Gida", Jinya Ba Ta Ƙare Ba

Gidaje kaɗan ne ba su taɓa jin wannan magana a bakin ƙofar ɗakin likita ba: "Mun yi iya ƙoƙarinmu, ku kai shi gida, sai addu'a." Daga nan sai a ɗauko dattijo a bayan mota, a shimfiɗa masa katifa a ɗakin da ya fi iska, 'yan dubiya su yi ta shiga da fita da lemo da ayaba. Abin da 'yan dubiya ba sa gani shi ne dare. Mai jinya ce kaɗai ta san yadda Baba yake kwana yana nishi, ya kasa kwanciya ta dama, ya kasa ta hagu, ita kuma ba ta da abin ba shi sai sannu.

Mai yiwuwa likitan ya faɗi gaskiya cewa sankarar ta riga ta yaɗu, ko ƙodar ta gaza, ko zuciyar ta raunana yadda ba za ta dawo daidai ba. Amma rashin warkewa daban, barin mutum cikin azaba daban. Akwai fanni guda na aikin likita da aka keɓe domin irin wannan majinyaci, wato jinyar sassauci, kuma shekaru fiye da hamsin ke nan masana suna bincike a kansa.

Wata Baturiyar Ingila, Cicely Saunders, ita ce ta kafa harsashinsa na zamani. Ta fara aiki a matsayin ma'aikaciyar jinya, daga baya ta koma makaranta ta zama likita, sannan a 1967 ta buɗe gidan jinya na St Christopher a Landan domin waɗanda cutarsu ta fi ƙarfin magani. Abin da ta lura da shi a bakin gadon marasa lafiya shi ne ciwon mai fama da cutar ajali ba a jiki kaɗai yake ba. Akwai tsoro, akwai tunanin iyalin da zai bari, akwai kuɗin da jinya ta cinye, akwai abin da ke tsakaninsa da Mahaliccinsa. Ta kuma nuna cewa maganin raɗaɗi ya fi aiki idan ana ba da shi a kan ƙa'idar agogo, ba sai an jira mutum ya fara kuka ba.

Mutane da yawa suna ɗauka karɓar irin wannan kulawa alamar sallamawa ce, kamar an yanke ƙauna. Wani bincike da aka yi a Asibitin Massachusetts General da ke Boston ta Amurka, aka wallafa a 2010, ya girgiza wannan tunani. Dakta Jennifer Temel da abokan aikinta sun ɗauki mutum 151 masu sankarar huhu da ta riga ta yaɗu, suka raba su gida biyu. Kashi na farko aka ci gaba da yi musu maganin sankara kawai. Kashi na biyu aka haɗa musu da ƙwararrun jinyar sassauci tun daga farko. Waɗanda suka sami ƙarin kulawar sun fi samun sauƙin rayuwa, ciwon damuwa ya fi ƙaranci a cikinsu, ba a yawaita wahalar da su da magunguna masu tsanani a kwanakinsu na ƙarshe ba, kuma duk da haka matsakaicin tsawon rayuwarsu ya kai wata 11.6, alhali na ɗaya kashin wata 8.9 ne. Bincike ɗaya ne a kan sankara iri ɗaya, kuma kwana na hannun Allah, amma ya isa ya rushe zargin cewa sassauta wa mara lafiya gajarta masa kwana ne.

Matsalar ita ce samu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 56.8 ne suke buƙatar wannan kulawa kowace shekara, kuma kashi 14 cikin ɗari kacal suke samun ta. Wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya gano a 2017 cewa rabin mutanen duniya da suka fi talauci ba sa samun ko kashi ɗaya cikin ɗari na mofin, wato maganin raɗaɗi mai ƙarfi, da danginsa da ake rarrabawa a duniya. Alhali mofin ba magani mai tsada ba ne.

A nan ne za mu tsaya mu yi magana ta gaskiya, domin tsoron da muke yi wa irin waɗannan magunguna yana da dalili. Mun ga abin da Tiramol da kodin suka yi wa matasa da matan aure a garuruwanmu, har gwamnatin Nijeriya ta haramta yi da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Don haka idan likita ya ambaci mofin, sai gaban 'ya'ya ya faɗi: "Za a mayar mana da Baba ɗan ƙwaya?" Wasu kuma sun ji an ce allurar ƙarasawa ce. Duka biyun kuskure ne. Mofin da likita ya auna, ya fara da kaɗan, yake ƙarawa daidai da raɗaɗin, ba ya gaggauta mutuwa, kuma da wuya ya jefa mai ciwon sankara cikin shaye-shaye. Abin da yake yi shi ne ya bar mutum ya yi barci, ya ci abinci, ya yi salla, ya yi hira da jikokinsa. Yana da nasa illoli da ya kamata a sani: gyangyaɗi da tashin zuciya a kwanakin farko, waɗanda yawanci sukan wuce, da kuma taurin bayan gida wanda ba ya wucewa da kansa, shi ya sa ake haɗa shi da maganin sassauta ciki. Kuma a kulle shi. Gidan da ke da yara da samari, kwalbar mofin ba ta zama a kan taga, wanda ya rage kuma a mayar da shi asibiti.

Ba sai ƙasa ta yi arziki za ta iya wannan ba. A Uganda, Dakta Anne Merriman ta kafa ƙungiyar Hospice Africa a 1993, suka riƙa jiƙa garin mofin da ruwa suna zubawa a kwalabe, ana kai wa marasa lafiya har gida. A 2004 ƙasar ta gyara dokarta ta ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta shi, domin likitoci ba su kai ƙauyuka ba.

Inda aka fi cutar da tsofaffi kuwa, a ganina, shi ne hanyar kyamis. Kowa ya zo dubiya da nasa taimakon: wannan ya kawo haɗin ciwon jiki a ƙullin leda, wancan ya kawo jiƙo, ɗiya ta aiko da wani daga Saudiyya, ga kuma na hawan jini da na siga da asibiti ta rubuta. Kafin a ankara dattijo yana haɗiyar ƙwaya takwas da safe. Masana lafiyar tsofaffi suna fara sa ido sosai da zarar magungunan mutum sun kai biyar, domin ƙoda da hantar tsoho ba sa tace magani kamar na ɗan shekara talatin. Dikilofenak da ibufurofen, waɗanda suka fi yawa a cikin haɗin ciwon jiki, suna iya huda ciki su jawo zubar jini, su lalata ƙoda, su tayar da hawan jini. Magungunan barci irin su dayazafam suna sa tsoho jiri da ruɗewa, ya tashi fitsari cikin dare ya faɗi ya karye a ƙugu, kuma da yawa ba sa sake miƙewa bayan irin wannan karaya. Tun 1991 wani likitan Amurka, Mark Beers, ya fitar da jerin magungunan da ya kamata a yi taka-tsantsan da su ga tsofaffi, ana kuma sabunta jerin har yau. Abin da iyali za su yi mai sauƙi ne: duk ranar ganin likita a tattara kowane magani da ke ɗakin, har da na gargajiya, a zuba a jaka ɗaya a ajiye masa a kan tebur.

Sai maganar gigin tsufa. Mantuwar da ke shigowa sannu a hankali cikin shekaru abu ne daban. Amma tsohuwar da jiya take cikin hayyacinta, yau ta kasa gane ɗanta, tana surutai, tana fisge zane, wannan ba tsufa ba ne, kuma kafin a ce iska ce a kai ta asibiti. Sau da yawa cutar mafitsara ce, ko ciwon huhu, ko rashin ruwa a jiki, ko siga ya faɗi, ko wani sabon magani. Idan aka gano dalilin da wuri, hankali yakan dawo. Haka nan wanda ya daɗe a kwance a riƙa juya shi kamar bayan kowace awa biyu, a duba ƙugu da gadon baya da dugadugai, a bar fatarsa a bushe. Gyambon kwanciya yana da sauƙin hanawa, yana da wuyar warkewa.

Akwai wata al'ada tamu da ke fitowa daga tausayi amma take tauye wa mutum haƙƙinsa, ita ce a ja likita gefe a ce, "Don Allah kada ka gaya masa." Galibi mara lafiyar ya riga ya gane, yana yin shiru ne don kada ya tayar wa 'ya'yansa hankali, su ma suna yin shiru dominsa. Ba a ce a dake shi da labari ba. A tambaye shi nawa yake son sani, a bi shi a hankali. Mutumin da ya san halin da yake ciki yana iya yin wasiyya, ya faɗi bashin da ake binsa da wanda yake bi, ya nemi yafiyar wanda suka ɓata, ya kuma zaɓi ko a asibiti yake son zama ko a ɗakinsa.

Kada a ɗora wa likitoci laifin duka. An daɗe ana horar da su a kan warkarwa, ba a cika koya musu yadda ake sarrafa raɗaɗi mai tsanani ko yadda ake isar da labari mai nauyi ba. Shi ya sa a 2014 Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da ƙuduri yana kira ga ƙasashe su sa jinyar sassauci cikin tsarin lafiyarsu da cikin karatun likitoci da ma'aikatan jinya. A Nijeriya, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan yana cikin waɗanda suka fara, da ƙoƙarin irin su Farfesa Olaitan Soyannwo, kuma a can ne aka buɗe cibiyar kula da lafiyar tsofaffi ta farko a ƙasar a 2012. Har yanzu dai ƙwararrun ba su kai ko kusa da yawan masu buƙata ba.

Saboda haka, ɗan'uwa, ranar da aka ce ku kai majinyacinku gida, ku yi godiya, amma kada ku tashi sai kun yi tambaya. Me za mu ba shi idan ciwo ya taso da dare, nawa, kuma bayan awa nawa? Wane magani zai daina sha? Wace alama za mu gani mu dawo da shi? Akwai sashen jinyar sassauci ko na kula da raɗaɗi a nan ko a asibitin koyarwa mafi kusa? A rubuta muku amsoshin a takarda, ku miƙa ta ga wadda za ta kwana da shi, sannan ku tsara wanda zai riƙa karɓarta ta huta.