Gawayin Tacewa Daga Karan Rama: Ina Ribar Take Ga Zamfara?

Duk mai gidan fiya wata a Tudun Wadar Gusau ya san baƙin tsakin nan da ake ɗurawa a tulun tace ruwa domin ya ɗauke wari da ɗanɗanon sinadari. Gawayi ne, amma ba irin na mai gasa masara ba. Ana ƙona ice ko ɓawo a rufe ba tare da iska sosai ba, sannan a bi shi da tururi mai zafin digiri 800 zuwa 900, ko a jiƙa shi da asid ɗin fosforik kafin ƙunar. Wannan ke huda masa ramuka da ido ba ya gani, har faɗin cikin giram guda ya haura murabba'in mita 500. A ramukan nan dauɗa ke maƙalewa.

An saba yin sa da ƙoƙon kwakwa a Indiya, Sirilanka da Filifin, ko da kwal. Me ya sa yanzu wasu ke duba karare? A Amurka doka ce ta jawo. A 2018 an halatta noman wiwin masana'antu, wanda sinadarinsa mai bugarwa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba. Gonaki suka yawaita, karan ya taru ana neman yadda za a yi da shi. Tun 2013 ma David Mitlin da abokan aikinsa a Jami'ar Alberta ta Kanada suka nuna cewa gawayin zaren wiwi na iya aiki a na'urar adana lantarki.

A Najeriya wannan ƙofa a rufe take; wanda ya shuka wiwi da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA zai gamu. Abin da muke da shi mai kama da shi a kara da zare shi ne rama.

To amma nan lissafin ya sha bamban. Abin da Bature ke kira shara, a ƙauyukan Bunguɗu da Tsafe kaya ne mai amfani. Ganyen rama na kwaɗo ne, ɓawonta na igiya, karan kuma da shi uwargida ke hura wuta. Karan dawa ma na danni ne da abincin dabbobi, tokarsa ma ba a zubarwa. Ranar da wata masana'anta ta fara saye da mota, kuɗinsa zai tashi, matan karkara kuma su ƙara komawa kan itatuwan da tuni suke ƙarewa. Balle gonakin da 'yan bindiga suka hana nomawa, inda ba a maganar kara ma.

Wasu za su ce ai ga kasuwar zinariya, tunda Gwamnatin Tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Zamfara na 2019 a Disambar 2024. Gaskiya ne masu tace zinariya da sayanayid suna amfani da wannan gawayi wajen kama ta daga ruwa. Sai dai mai tauri suke nema, na kwakwa, wanda ba ya marmashewa idan ana juya shi cikin taɓo. Na rama sakayau ne, gari yake zama, ya tafi da zinariyar.

Kada kuma a ruɗi mutane da batun lafiya. Bayan gubar dalmar 2010 a Anka da Bukkuyum, wadda ta kashe yara sama da 400, duk abin da aka ce yana tsarkake ruwa zai samu masu saye. Wannan gawayi ba ya kashe ƙwayoyin kwalara, kuma idan ba a sarrafa shi musamman ba, ba abin dogaro ba ne kan dalma. Wanda aka jiƙa da asid aka kasa wankewa ma ɓata ruwan zai yi.

A ganina kasuwarsa ta gaskiya ƙarama ce: masu tace man gyaɗa da na auduga, da ruwan rini. Buntun shinkafar yankin Bakolori da ɓawon gyaɗa, waɗanda suke taruwa a wurin casa ba sai an bi gona-gona ba, sun fi karan rama sauƙin samu. Kafin kowa ya gina murhu, sai ɗakunan gwaji na Jami'ar Tarayya ta Gusau ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙauran Namoda sun iya auna ingancin kowane buhu, domin mai saye ba zai bar na waje ya ɗauki wanda ba a gwada ba.