Manoman Lowndes da Zaɓen Ƙananan Muƙamai

 A yawon da muke yi na ziyartar ƙungiyoyin gama kai, mun lura da wani abu. In ana zancen zaɓen shugaban ƙasa ko na gwamna, kowa yana da abin faɗi. Amma in aka zo kan ƙananan muƙamai na kusa da gida, sai mutane su ce ai wannan ba wani abu ba ne. Sabili da haka muka ga ya kamata mu kawo muku labarin waɗansu manoma na ƙasar Amurka, waɗanda suka gane cewa ƙaramin muƙami shi ne ya fi taɓa gonar talaka da kwanciyar hankalinsa. Sun sha wuya ƙwarai kafin su sami bakin magana a kansa.

Yadda aka tsara abin a can

An raba jihohin Amurka ƙanana ƙanana, kowane yanki ana ce da shi kaunti, watau kusan abin da mu muke kira ƙaramar hukuma. Akwai irinsu fiye da 3,000 a ƙasar. Jihar Alabama, inda labarinmu ya faru, tana da 67. Mutanen kaunti sukan zaɓi 'yan majalisarsu, har ma a wurare da yawa su ne suke zaɓen mai ƙiyasta haraji, da mai karɓarsa, da mai binciken gawa, da 'yan hukumar makarantu, da kuma sherif.

Kada sunan nan ya ruɗe mu, ba sharifin da muka sani ba ne. Sherif shi ne babban ɗan sandan kaunti. Shi ke tsare ƙauyuka, shi ke riƙe da gidan waƙafi, shi ke kai sammaci. In kotu ta ce a fitar da mutum daga gida ko gona, shi ne zai zo ya fitar da shi. A yawancin jihohi shekara 4 yake yi, sa'an nan ya koma wurin jama'a neman ƙuri'a. Mai ƙiyasta haraji kuwa shi ke sa wa gona kuɗi, a kan abin da ya rubuta ake yanka haraji. In ya ga dama ya rage wa mai babbar gona, ya ɗora wa mai ƙarama. Mai binciken gawa shi ke rubuta abin da ya kashe mutum. In ya rubuta cewa haɗari ne, da wuya a sāke tā da maganar.

Ƙasar auduga

Kauntin Lowndes, wanda ake furta sunansa Launds, yana tsakanin garin Selma da birnin Montgomery. Hedkwatarsa wani ɗan gari ne mai suna Hayneville. Ƙasa ce baƙa mai albarka, ta auduga, inda bayi suka yi noma kafin a hana bauta a 1865. Bayan shekara 100, a farkon 1965, mutum 4 cikin kowane 5 na kauntin baƙaƙen fata ne, amma ko ɗaya daga cikinsu ba ya cikin littafin masu jefa ƙuri'a. Fararen fata kuwa, sunayensu da ke cikin littafin sun fi yawan waɗanda suka isa zaɓe a cikinsu. Iyalai 86 na farare su ke riƙe da kashi 90 cikin 100 na ƙasar. Yawancin baƙaƙe suna zaune ne a gonakin waɗannan, suna noma ana raba amfani, ko suna biyan haya. Ɗakin da mutum yake kwana na mai gona ne, bashin iri da na taki ma daga wurinsa.

Hana su rajista ba da doka ɗaya aka yi ba. Akwai jarrabawar karatu wadda ma'aikacin rajista yake kayar da wanda ya ga dama. Akwai kuma tsoro, gama wanda ya je neman rajista, kafin yamma mai gona ya ji labari.

A watan Maris na 1965 wani mutum mai suna John Hulett ya ja waɗansu maƙwabtansa suka tafi Hayneville neman a rubuta su. Aka kore su. Suka koma, daga baya aka karɓi mutum 2 kaɗai, Hulett yana ciki. A cikin wannan wata ne babban jerin gwanon neman 'yancin zaɓe daga Selma zuwa Montgomery ya ratsa ta kauntin. Waɗansu samari na ƙungiyar ɗalibai da ake kira SNCC, cikinsu har da Stokely Carmichael, suka tsaya suka zauna tare da mutanen. Ana taruwa a majami'u ran Lahadi da dare, domin su ne gine-ginen da baƙaƙe suka mallaka da kansu.

Ran 6 ga watan Agusta 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar 'yancin zaɓe. Aka dakatar da jarrabawar karatu, gwamnatin tarayya ta aiko nata ma'aikatan rajista, mutane suka fara rubuta suna ɗari ɗari.

Abin da ya buɗe musu ido

Mako 2 bayan haka, ran 20 ga Agusta, aka saki waɗansu masu zanga-zanga daga gidan waƙafin Hayneville. Cikinsu akwai wani farin saurayi, Jonathan Daniels, ɗalibin makarantar tauhidi. Suka nufi wani kanti su sayi abin sha. Wani mutum mai suna Tom Coleman, wanda yake riƙe da matsayin mataimakin sherif na musamman, ya tare su da bindiga. Daniels ya ture wata yarinya baƙa 'yar shekara 17 gefe, harbin ya same shi, ya mutu nan take. Aka kai Coleman kotu. Mutum 12 da aka zaunar su yanke hukunci duka farare ne, suka sallame shi.

A ƙarshen damina ta wannan shekara kuma aka yi wani zaɓe wanda ya shafi manoma kai tsaye, na kwamitin aikin gona na kaunti. Wannan kwamiti shi ne yake raba wa kowa yawan eka da zai shuka auduga, ta hannunsa kuma taimakon gwamnati yake bi. Baƙaƙen manoma suka tsai da mutanensu. Sai masu riƙe da kwamitin suka cika takardar zaɓe da sunayen waɗansu baƙaƙe da yawa, ƙuri'a ta rarrabu, kwamitin kaunti ya zauna a hannun farare. Har yanzu manoman Amurka suna zaɓen irin wannan kwamiti.

Daga nan mutanen Lowndes suka fahimci cewa rubuta suna a littafi bai isa ba. Muddin sherif da kotu da ofishin haraji suna hannun masu gonaki, dokar da aka yi a Washington ba za ta iso ƙofar ɗakinsu ba.

Baƙar damisa da farin zakara

Jam'iyyar Dimokurat ita ce take mulkin Alabama a lokacin. Alamarta farin zakara ne, da rubutu a bisansa mai cewa farar fata ita ce a sama. Da shugabanninta na Lowndes suka ga baƙaƙe sun yi rajista, sai suka ɗaga kuɗin tsayawa takarar sherif daga dala 50 zuwa dala 500. Amma akwai wata tsohuwar doka ta jihar wadda ta yarda mutanen kaunti su kafa tasu jam'iyya. Da ita aka kafa Ƙungiyar 'Yanci ta Lowndes, Hulett ne shugaba. Tun da yake mutane da yawa ba su iya karatu ba, dole kowace jam'iyya ta kasance da hoto a takardar ƙuri'a. Suka zaɓi baƙar damisa. Daga wurinsu ne wata ƙungiya ta birnin Oakland ta ari wannan alama a 1966, ita ce duniya ta fi sani, amma asalin abin na manoma ne.

Abin da ya fi burge mu shi ne yadda suka shirya. Kafin su yi zancen wa zai tsaya, sai da suka zauna suka koyi aikin kowane ofis. Aka buga musu ƙananan littattafai masu hotuna: ga abin da doka ta ce sherif ya yi, ga abin da ba shi da ikon yi, ga yadda ake ƙiyasta haraji. Mutumin da bai gama firamare ba ya duba ya ga cewa aikin nan bai fi ƙarfin maƙwabcinsa ba.

Masu gonaki ba su zuba ido ba. Suka fara korar iyalan da suka yi rajista. A watan Disamba 1965, cikin sanyi, aka kafa tantuna a filin wani baƙin manomi a bakin babbar hanya mai lamba 80, waɗanda aka kora suka zauna a ciki. Waɗansu sun yi kusan shekara 2 a nan. Da ba a sami baƙin mutum mai filin kansa ba, da sun bar kauntin, ƙuri'unsu kuma sun tafi tare da su.

Ran 3 ga Mayu 1966 ce ranar tsai da 'yan takara. Sherif ya hana su taruwa a harabar kotu, sai aka koma wata majami'ar Baftis da ke kusa. Mutum wajen 900 suka zo. Suka tsai da mutum 7: Sidney Logan a kujerar sherif, Alice Moore a ta mai ƙiyasta haraji, Frank Miles a ta mai karɓarsa, Emory Ross a ta mai binciken gawa, da mutum 3 na hukumar makarantu.

Faɗuwa da tashi

Aka yi zaɓe ran 8 ga Nuwamba 1966, dukan 7 ɗin suka faɗi. Sun sami kimanin kashi 40 cikin 100 na ƙuri'u. Waɗansu masu gonaki sun kwaso 'yan hayarsu a motoci, suka nuna musu inda za su sa alama. Waɗansu mutane kuma tsoro ya hana su fitowa, gama sun ga abin da ya sami mazauna tanti. Duk da haka ƙuri'un da aka samu sun wuce kashi 20 da doka take bukata, ƙungiyar ta zama cikakkiyar jam'iyya. A shekarar nan kuma, a kauntin Macon, Lucius Amerson ya ci kujerar sherif, baƙin mutum na farko da ya riƙe ta a kudancin Amurka cikin ƙarni na 20. A kauntin Dallas da ke maƙwabtaka, sherif Jim Clark, wanda ya yi suna wajen dukan masu neman rajista a Selma, ya faɗi, bayan kotun tarayya ta ce a ƙirga akwatuna 6 na unguwannin baƙaƙe waɗanda aka so a yar.

Faɗuwar ta koya musu cewa mai cin bashin wani ba ya jefa ƙuri'a da zuciya ɗaya. A 1967 ƙananan manoma na kaunti 10, har da Lowndes, suka kafa ƙungiyar gama kai ta kudu maso yammacin Alabama. Suka koma shuka kuɓewa da kokwamba da wake, suna sayen taki tare, suna kai kaya kasuwa tare, domin su fita daga hannun masu auduga. Ita ma ta sha tsangwama daga masu mulkin jihar.

A 1970 aka zaɓi John Hulett sherif na Lowndes. Mutumin da aka kora daga ofishin rajista shekara 5 baya, shi ne ya karɓi mabuɗan gidan waƙafi. Ya yi shekara 22 a kujerar, daga baya ya zama alƙali, ya rasu a 2006. Dukan da ake yi wa baƙaƙe a hannun hukuma ya ragu ƙwarai. Amma kada mu ƙara gishiri: ƙuri'a ba ta raba ƙasa ba, ba ta kawo masana'antu ba. Ƙidayar 2020 ta sami mutum 10,000 da 'yan kai a Lowndes, ƙasa da na 1965, kuma yana cikin yankuna matalauta na Amurka.

Mu fa?

Tsarinmu a Nijeriya dabam yake. Ba mu zaɓen shugaban 'yan sanda. Tun da aka rushe 'yan dokan En'e a ƙarshen shekarun 1960, 'yan sanda suka zama na tarayya. Amma tun gyaran 1976 muna da ƙananan hukumomi, yanzu guda 774, da shugaba da kansiloli. Tsarin mulki ya ba su aikin kasuwanni da tashoshin mota da hanyoyin karkara, da hannu a makarantun firamare da asibitocin sha-ka-tafi da aikin gona. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa zaɓaɓɓun shugabanni ne doka ta sani a ƙananan hukumomi, kuma a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Hukunci yana kan takarda, kamar yadda dokar 1965 take kan takarda kafin mutanen Lowndes su tashi su bi ta.

Muna roƙon kowace ƙungiya ta ware rabin sa'a a taronta na gaba domin waɗannan tambayoyi. Mutum nawa ne a cikinmu suka san sunan kansilan mazaɓarmu, da aikin da doka ta ɗora masa? Mutum nawa ne, maza da mata, ba su da katin zaɓe? Akwai wani a cikinmu wanda bashin taki ko aron gona zai sa ya jefa ƙuri'a inda ba ya so, kuma asusun ƙungiya zai iya taimakonsa? Magatakarda ya rubuta amsoshin, mu tarar da su sa'ad da muka zo ziyara.