Saurin aiki ko sauƙin karatu: misali daga rijiyoyin Dallol Mawri

A wannan takarda za mu duba matsalar da ɗalibi ke cin karo da ita in zai mayar da ƙa'idar lissafi umarnin kwamfuta: ya rubuta ta yadda take a littafi, ko ya sake mata fasali don na'ura ta yi sauri?

Mu ɗauki awon ruwan ƙarƙashin ƙasa a rijiyoyin Dumega da Tibiri, a ƙasar Arewa. A ce tsayin fuskar ruwa bisa matakin teku mita 200 ne, yana hawa da sauka da santimita kaɗan, ana kuma neman warwatsuwar awon, wato abin da ake ce wa variance da Faransanci. Hanyar littafi bi biyu ce: a fitar da matsakaici, sannan a koma a debe shi daga kowane awo, a ninka ragowar da kanta, a tara, a raba da yawan awon. Hanyar gaggawa bi ɗaya ce: a tara x da x² lokaci guda, a ƙarshe a debe murabba'in matsakaici daga matsakaicin murabba'ai.

A aljabara duka ɗaya ne. A na'ura kuwa sam. Lambar REAL ta Fortran, mai bit 32 bisa ƙa'idar IEEE 754 ta 1985, alƙaluma kamar 7 kaɗai take riƙewa. Murabba'in 200 shi ne 40000, alhali ratar santimita 1 warwatsuwar 0,0001 take bayarwa. Kafin a kai ga wannan ɗigon alƙaluman sun ƙare. Abin da ya fito tarkace ne, wani lokaci ma ƙasa da sifiri, abin da ba ya yiwuwa. In bai gaza sifiri ba, na'ura ba ta cewa uffan, sai adadin ya shige kundin digiri.

Welford ya fitar da hanya a 1962 mai bi ɗaya, wadda ba ta da wannan aibi, sai dai mai karatu ba zai gane ta ba in ba a yi mata sharhi a gefe ba. Tana da amfani in awon na shigowa ɗaya bayan ɗaya daga na'urar awo.

A ganinmu, ga awo ƴan dubbai, hanyar littafi ta wadatar: bi na biyun bai kai daƙiƙa ɗaya ba, kuma malami mai duba aiki zai iya gwada kowane layi da ƙa'idar.