LANHO DABAM, KUƊIN ASUSUN LAFIYA DABAM



Ranar nan, a ajinmu na yaƙi da jahilci a Sarkin Yamma, wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce: "Malam, na biya lanho wurin mai gari. Yanzu an ce in shiga asusun lafiya, in sake biya. Ba biya biyu ke nan ba?"

Tambayar ta yi kyau. Ga amsa.

Lanho haraji ne. Dole ne ga wanda ya isa biya. Mai gari shina tarawa, ya kai ma'ajin magajin gari. Da shi ake ayyukan jama'a duka: kasuwa, rijiya, makaranta. Takardar lanho ba ta sayen magani.

Asusun lafiya kuwa, wanda wasu ke ce ma mutuwel ko inshora, ganin dama ne. Kowa shina zuba kaɗan tun da sauran lafiya, kamar bayan girbi. Ran da ciwo ya zo, asusu ya ɗauke maka wani kashi na kuɗin magani, ba sai ka saida akuya ko damen gero ba. Amma ba adashe ba ne: in shekara ta ƙare ba ka yi ciwo ba, kuɗinka ba su dawowa. Sun yi ma wani magani, ka gode Allah.

An taɓa gama su biyun a ƙasarmu. A shekarar 1993, anka yi gwaji a Boboye, cikin jihar Doso. Anka ƙara dala 40 bisa harajin kowane mai biya, a shekara. In babba ya je gidan likita sai ya ba da dala 10, ƙaramin yaro dala 5. A Sayi kuwa ba a ƙara haraji ba, amma duk ciwo babba shina biyan dala 40, yaro dala 20. Anka ga masu zuwa gidan likita sun ƙaru a Boboye, har da talakawa. Darasin shi ne, biya kaɗan tun da wuri ya fi biya da yawa ranar ciwo. Amma wannan gwajin can ne, na wancan lokaci. Lanhon da ka biya bana bai sa ka cikin wani asusu ba.

Akwai kuma abin da gwamnati ta ɗauka da kuɗin ƙasa. Tun 2006 ta ce maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a gidajen likita na gwamnati. A 2024 ta rage kuɗin ganin likita da rabi.

Saboda haka, kafin ka sa hannu, ka tambaya:

1. Nawa ne a shekara, kuma mutum nawa na gidana za a rubuta?
2. Wane gidan likita ke karɓar katin? Har asibitin Madarunfa da na Maraɗi?
3. Wane kashi ya rage gare ni in biya?
4. Wa ke riƙe da kuɗin, yaushe ake gaya ma jama'a lissafi?

Kowane biya ka yi, ka karɓi takarda. Ka duba sunanka, da yawan kuɗin, da kwanan wata. Ta lanho ka aje dabam, ta asusu dabam. Ga amfanin karatu ke nan: ba a cutar mai karanta takardarshi da kanshi.

Mako mai zuwa, kowa ya zo aji da takardarshi ta lanho, mu karanta tare.

Allah shi ba mu lafiya da zama lafiya.