Yadda kanikawa ke raba fistin da kwanrod a Kano

A kasuwar Ƙofar Ruwa da ke birnin Kano, wadda ta yi suna wajen sayar da kayan gyaran motoci, fistin da ringi na cikin kayan da ake nema.

Gwamnatin jihar ta haramta sana'ar acaɓa a shekarar 2013, inda jama'a suka koma ga baburan Adaidaita Sahu, waɗanda injinansu ke yini suna aiki.

Sai dai kafin a sa sabon fistin, dole a raba tsohon da kwanrod, wato sandar ƙarfen da ke haɗa shi da karanshaf. Wani gajeren fin ne mai rami a ciki yake riƙe da su biyun.

Fin iri biyu

A babura da injina da dama, fin ɗin yana juyawa a sake, wasu ƙananan zobban waya biyu ne ke tare shi. Bakanike kan cire su da filaya, bayan ya toshe bakin injin da tsumma, don kada zobe ya faɗa ciki.

Idan fin ya cije, akan ɗumama fistin da ruwan zafi. Da alminiyam ake yin fistin, shi kuwa yakan buɗe kusan ninki biyu na ƙarfe idan ya ji zafi, don haka sai ramin ya saki fin ɗin.

A wasu motocin kuwa, matse fin ɗin ake yi a kan kwanrod tun daga masana'anta. Irin wannan ba ya fita sai da na'urar matsi, kuma wajen mayarwa sai an gasa kan kwanrod ɗin.

Haɗarin guduma

Inda babu na'urar, wasu kan koma ga guduma. Duka na iya tsaga fistin ko ya lanƙwasa kwanrod kaɗan, yadda ido ba zai gani ba.

Lanƙwasasshen kwanrod yakan sa fistin ya riƙa cin gefe ɗaya, injin ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi, daga bisani ya buga.

Shi ya sa ƙwararru ke yi wa kowane fistin da kwanrod ɗinsa lamba, suna lura da alamar da ke nuna gaban injin, sannan ba sa mayar da tsohon zobe. Kuɗinsa kaɗan ne, amma idan ya zame, fin ɗin zai karce bangon silinda, mai abin hawa ya shiga neman kuɗin sabon gyara.